Abin da Maigida Ke Saurare

"Ɗana, zuba masa sababbin waƙoƙi," ta ce wa mai gyaran waya, ta miƙa masa 'yar na'urar jin waƙa ta maigidanta. "Yana wanka na faki idonsa na ɗauko."

Maigidan ya ƙi jin waƙa ta intanet. Wai yanzu ta kawo, anjima ta ɗauke, ga kira yana katse wa mutum jin daɗi. Tun da ya sayi wannan aba, kullum igiya na kunnensa, yana kaɗa kai. Ko ranar da ta dawo daga asibiti, ta zauna gabansa ta faɗi abin da likita ya gano a ƙirjinta, kan kawai ya ci gaba da kaɗawa. Ta yi masa uzuri: bawan Allah, bai ji ba ne.

Mai gyara ya buɗe bayan na'urar, ya yi dariya.

"Mama, wannan ai fanko ce, irin wadda ake jerawa a shago don talla. Ko batir babu."

"To me yake ji?"

"Sai dai abin da ake faɗa a ɗakin, Mama."