Sai Ya Dangwala

"Wannan katin ya mutu, Madam," in ji akawun asibitin.

Ma'aikatar mijinta ta sauya kamfanin inshorar lafiya ana gab da tashin bam ɗin Mubi da ya kwantar da shi a asibiti. Tsohon kamfani ya sallame su, sabon bai karɓe su ba. Sai ta biya likita zai taɓa shi, ga keken ɗinkinta tuni ya tafi wajen sayen jini.

"Sabon katin fa, ƙanena?"

"Ba wuya. Maigida ya dangwala yatsa kawai."

Ta waiwaya ta dubi gadon da mijin yake kwance. Hannayen da ya yi ta janyo mutane daga wuta da su na naɗe cikin bandeji. Babu yatsan da ya tsira da fatarsa.