Kilinar da Baba Ya Ara

Ina aji huɗu Baba ya sayo wa tsohuwar kwamfutarmu ƙarin memori, don wasan tseren mota ya daina tsayawa. A barandarmu ta Kanvili ya kwance ta bayan la'asar. Ya saka, ya kunna, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

Mma ta leƙo daga kicin. "Malam, gobe a ba masu sayen tsohon ƙarfe kawai."

Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ara mini kilinarki."

Sabuwa ce fil, jarrabawa nake ajiye wa. Na miƙa ina kumbure-kumbure. Ya zare memorin, ya goge bakinsa a hankali har farar kilinar ta yi baƙi, ya hure, ya mayar. Allon ya kawo haske.

"Datti ne," in ji shi. "Ke za ki fara tuƙi, da kayanki aka gyara."

Makon jiya na buɗe kwamfutar zan gyara wa 'ya'yana, sai ga kilinar manne a ciki da salatif. Na yi dariya, na bar masa ita a wurin.