Masu Gadin Jinin Jariri

Tabawa ungozoma ce ta fara gaya mini wannan, ranar da na haifi ubanki. Kakanki na tsakar gida yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ya ce a miƙo masa yaron, ai jininsa ne, abin da bai kayar da shi ba ba zai kayar da ɗansa ba. Tabawa ta nuna mini jinin da ya ɗiga daga cibiya, ta ce wannan da na jikin maigida ba ɗaya ba ne. Sai ta kawo misali.

Wani makiyayi yana da tsohon maigadi a bakin garkensa, jiki duk tabo. Ba ɓarawon yankin da bai taɓa kokawa da shi ba, tun daga nesa yake gane tafiyar kowannensu. Da mutumin ya kafa sabon garke, sai ya ɗauko samari daga wata ƙasa, majiya ƙarfi, idanu tar, sun ma fi yawa, amma ba su san fuskar kowa ba. Rana tsaka ɓarawo ya yi sallama. Suka shimfiɗa masa tabarma, suka kawo ruwa. Har igiya suka riƙe masa yana kwance awaki, a zatonsu ɗan gida ne. Kafin su gane, turaku kawai suka rage.

Tabawa ta ce haka masu gadin da ke cikin jini suke. Na babba sun sha karo da mura da ƙyanda, suna riƙe da fuskar kowace. Na jariri sababbi ne fil, ba su taɓa ganin cuta ba, kafin su san abokiyar gaba ce ta riga ta kai ƙirji. Na dubi yaron, ƙirjin nan bai fi tafin hannuna ba, yana hawa yana sauka.

To, Kyauta, ga naki jaririn a zani, ga 'yan barka cike da zaure. Kunyar mutane ba ta dawo da ɗa.

Ni dai, washegarin haihuwar ubanki na sa Tabawa ta ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki. Kakanki ya ɗaga labule, tari na cinsa. Na ce, "Malam, daga nan za ka gan shi sai ka warke."

Ya ce, "A gidana?"

Na ce, "Gidanka ne, amma shi jiya ya sauka. Baƙo ko da idanunsa makaho ne."