Kajin Inna

Auta ta tsiyaya ruwan khal na tuffa, mai tsamin nan, a murfin kwalba, ta juye a kwanon ruwan kaji, ta motsa da yatsa. Murfi ɗaya kowace safiya. Haka Inna take yi kafin ta rasu, tana cewa yana wanke musu ciki, yana hana su zawo.

Baba yana zaune a kujerarsa kusa da akurki, yana ƙirga su a fili kamar ɗan aji ɗaya. Shida. Ya gyaɗa kai.

Tun da aka yi rasuwar, a ganin Auta kajin nan ne kaɗai ke fito da tsohon daga ɗaki. Abinci sai an yi da gaske, rediyo kuwa ya daina kunnawa. Amma gari na wayewa zai ƙwanƙwasa mata ƙofa: "Auta, kajin uwarki suna jira." Sai ta tashi. Ita ba ta jin komai game da kajin. Gaskiya ma ba ta jin komai game da komai. Keken ɗinkinta na lulluɓe da zani a lungu, masu kaya sun gaji da aike sun karɓe yadinsu. Tana gama da kaji take komawa gado, sai la'asar.

Robar da Inna ke zuba musu ruwa ta tsage, shi ya sa Auta ta ɗauko wani kwanon ƙarfe, irin ƙarfen bokiti, ta maye gurbinta da shi. Ba a daɗe ba kajin suka fara lalacewa. Su rage cin dusa, su tsaya jugum, fuka-fukai a zube.

Farar ce ta fara mutuwa. Auta ta tsince ta a bayan akurki da yamma, lokacin Baba yana ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙulle gawar a leda, ta yafa mayafi, ta nufi kasuwa wurin mai kajin da Inna ke sayen dusa a hannunsa. Ta zaɓo fara mai kama da waccan. Washegari Baba ya ƙirga shida, ya gyaɗa kai. Idon tsufa ya yi mata rana.

Ta ƙara khal ɗin zuwa murfi biyu. Wani lokaci har yana aiki. Akwai ranar da ta bar jar kazar da safe ko tsayuwa ba ta iya yi, da ta farka da la'asar ta same ta tana tono garau, har tana korar 'yan uwanta. Amma bayan mako baƙar ta tafi, wata ta bi ta. Auta ta saba da hanyar kasuwa, ta saba da nauyin leda a hannu.

Yau kuma wake-waken ce ta mutu, mai ɗigon fari da baƙi, wadda Inna ke ba hatsi a tafin hannu. Wannan ba kowace kaza ce za ta maye gurbinta ba. Idan Baba ya ƙirga biyar gobe, Auta ta san zai koma ɗakin nan ya ja ƙofa, kuma ba ta da wani abin da za ta fito da shi. Tsoro ya ɗan taɓa ta, karo na farko cikin watanni, ya wuce.

A kasuwa, mai kaji ya duba kwandunansa ɗaya bayan ɗaya yana neman irinta, ya girgiza kai.

"Wai ni kam, 'yar nan, me kuke ba kajin nan a gidanku?"

"Dusa da hatsi. Sai khal a ruwa, yadda Inna take yi."

"A roba?"

"A kwanon ƙarfe."

Ya dafe kai. "Khal ai cin ƙarfen nan yake yi! Abin da ya narke a ruwan shi suke sha. Guba kuke ba su da hannunku."

Auta ta tsaya tana kallon kajin da ke cikin kwando, ƙafafunsu a ɗaure. Ke nan ita ce. Kowace safiya, da yatsarta. Ta jira ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta, ba ta ji ba.

"Zan canza kwanon," ta ce. "Amma don Allah ka nemo mini wake-wake kafin safiya. Babana ba zai ɗauka ba."

"Wake-wake tana wuya. Wadda ta mutun ma da ƙyar na samo wa tsohonku."

"Wane tsoho?"

Mai kaji ya sosa ƙeya, ya ga dai magana ta riga ta fita.

"Babanki mana. Ai ya fi ki zuwa nan, da rana tsaka yake zuwa da tasa ledar. Kullum sai ya roƙe ni kada ki sani, wai 'yarsa ba abin da ke tayar da ita daga gado sai kajin uwarta."