Ɗinkin Koma Ranar Lahadi

Dattijon cocin ya tsaya cak a gaban zane na ƙarshe, a ɗakin da 'yarsa ta baje kolin ayyukanta a birnin Glasgow.

Shekara talatin ke nan da ya kore ta daga tsibirinsu, don ya kama ta tana zane ranar Lahadi, ranar da ko wanki ba a shanyawa. A gaban jama'ar coci ya tona laifinta. Bai taɓa tambayar abin da take zanawa ba.

Yau ga shi a bango. Wani mutum ne ya laɓe a bayan rumfar jirgin ruwa, sanye da baƙar kwat ta zuwa coci, ya ba da baya yana ɗinkin komar kamun kifi. Tsohon ya gane ƙeyar nan. Tasa ce.

Maƙwabcinsa da suka zo tare ya matso. "Ke yarinya, wane marar tsoron Allah ne wannan? Faɗi sunansa, babanki ya gyara masa zama."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana jira.

"Ba ku san shi ba, Kawu," ta ce. "Mutumin wani tsibiri ne. Baba, zo ka zauna, ka sha hanya."