Mai Buga Sanda a Hagu

Ƙwas-ƙwas! Sau biyu Aurèle ya buga sandarsa a kan ƙanƙara. Duk ɗan hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, ya san ma'anar wannan: miƙo mini faifai, wato ƙwallon wasan. Ghislain ya ji sarai, ya yi tsaki, ya karkata dama da gangan, ya ɗirka faifan cikin raga.

Shekara uku ke nan ana haka a ƙungiyarmu ta bakin tafki. Ghislain Corriveau ne ɗan tsakiya, ya ci raga sau ashirin da shida a kakar wasan nan. Aurèle ne ɗan gefensa na hagu, ga shekaru, ga ciwon gwiwa, ci huɗu kacal. Amma bugun sanda kam, sai ka ce aikin da aka ɗauke shi ke nan.

Ghislain ya tsane shi, tsana ta gaske. Mutum ne mai ji da kansa, ko waiwayar na hagunsa ba ya yi. A ɗakin sauya kaya kullum ƙarshen benci yake zama, kafaɗarsa ta hagu jingine da bango. Ranar da ya ture wa Aurèle kofin shayi ma, cewa ya yi laifin wanda ya ajiye ne.

Sai babbar ƙungiya ta birni ta aiko cewa wakilinta zai zo kallon Ghislain a wasan ƙarshe. Shekararsa ashirin da takwas, ya san ba za a sake zuwa dominsa ba.

Ya tsaya gaban koci Fernand, mai horar da mu, a gaban kowa. "Ka raba ni da maroƙin nan. Ba ni mai gudu, ka sha kallo."

Aurèle na ɗaure takalminsa, ya ɗago kai. "Ka tabbata, ɗan'uwa?"

"Ɗan'uwanka na gidanku. Tattara ka ba mu wuri."

Aka sallama Aurèle ga ƙungiyar tsallaken tafki. Wanda ya maye gurbinsa kamar iska yake, kuma ba ya buga sanda. Wasa shida, Ghislain bai ci ko ɗaya ba. Sau uku ana maka shi da katangar fili. Ya zagi sabon abokin, ya zagi alƙalin wasa, har ƙanƙarar ma bai bari ba.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da rana, kuma da mutanen tsallaken za a kara, sabuwar ƙungiyar Aurèle. Wakilin birni na zaune da littafinsa a buɗe.

Saura minti biyu, Ghislain ya ƙwace faifai, ya wuce tsakiya a guje. Gabansa ba kowa sai mai tsaron raga.

Ƙwas-ƙwas, daga hagu.

Kafin ya yi tunani, jikinsa ya riga ya karkata dama. A nan ɗan bayan 'yan tsallake yake jira, wani ƙato kamar ƙofar gareji. Ya banke Ghislain, har 'yan kujerun sama suka ji ƙarar karyewar kafaɗarsa. Wakilin ya rufe littafinsa, ya nemi hanyar fita.

Aurèle ya sulalo a hankali, ya durƙusa kusa da kunnensa.

"Kai a tunaninka faifai nake roƙo? Shekara uku idonka na hagu ba ya gani. Duk ƙaton da ya taso maka ta nan, ni ke buga sanda, don na san ƙiyayyar da kake mini za ta kora ka dama. Yau ma ni na kora ka."