Ƙofar da Ke Rufe a Kwamfuta

Ƙararrawar gobara na kaɗawa, injiniyar ta yar da kofin shayi ta kwasa da gudu. Hayaƙi ne ke tuɗaɗowa daga ɗakin akwatunan lantarki na tashar nukiliyar.

Tana gudu tana lallashin kanta. Ita ta yi lissafin wannan gobarar a kwamfuta, ta kunna ta sau ba adadi, kullum a ɗaki ɗaya wutar ke mutuwa. A lissafin nata, rufaffiyar ƙofar ƙarfe ce ke hana ta kaiwa ga wayoyin famfunan da ke sanyaya zuciyar tashar. Famfunan na tsayawa, shi ke nan.

Tana shan kwana ta tarar da ƙofar a wangale, an tokare ta da jar tukunyar kashe gobara.

"Wane mara hankalin ne ya yi wannan?"

"Ranki ya daɗe, zafi ne," in ji wani mai gyaran wayoyin lantarki daga cikin ɗakin, yana tari. "Ciki kamar gidan burodi!"

Ta fizge tukunyar ta danƙa masa, ta tare ƙofar da kafaɗa har ya feshe akwatin da ke ci da wuta ya fito, sannan ta sake ta, garam! Famfunan suka ci gaba da gurnani.

Ba ta gama sauke numfashi ba sai ga wani baƙo, katin masu bincike na lilo a wuyansa.

"Sannunku da ƙoƙari. Na zagaya ginin nan kaf, kowace ƙofa da jar tukunyarta a gindi." Ya tsura mata ido. "Ke ce kika ce a rufe suke?"